Girka Ta Dawo da Rigar Turawa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya girmama ɗan Adam da hankali, Ya sanya shi sharaɗin ɗora wa bawa hukunci, har Ya ɗauke alƙalami daga kan wanda ya rasa shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.), wanda bai bar wata hanya ta kusantar Allah ba face ya shiryar da al'ummarsa zuwa gare ta, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, a wannan wata mun ga ya wajaba mu ja hankalin jama'a game da wata sana'a da ta bunƙasa a Turai da Amurka cikin 'yan shekarun nan, wadda labarinta ya riga ya shiga aljihun samarinmu ta wayar hannu tun kafin iyaye da malamai su ji sunanta. Sana'ar kuwa ita ce tara mutane a wani keɓantaccen wuri, a shayar da su wani tsiro ko wani sinadari mai jirkita hankali, mai sa mutum gane-gane da jiye-jiye, a ƙarƙashin kulawar wani da ake kira jagora. Masu wannan harka ba su yarda a kira ta shaye-shaye ba. Suna ce mata tafiyar ruhi, ko wankin zuciya, ko sake haihuwa, suna kuma da'awar cewa a dare ɗaya mutum zai rabu da baƙin cikin shekara ashirin, ya san kansa, ya san Ubangijinsa, ya koma gida mutumin kirki. Ana biyan kuɗi masu yawa a kan haka, kuma cikin masu biyan akwai likitoci da lauyoyi da tsofaffin sojoji da manyan 'yan kasuwa.

Mai karatu na iya cewa, ina ruwan mutumin Zuru da abin da ake yi a dazukan Peru? Ruwansa biyu ne. Na ɗaya, an saba duk abin da Bature ya yi wa ado ya kira shi ilmi, ba ya daɗewa sai ya sami masu kare shi a cikinmu. Na biyu, abin nan mun san shi tun kaka da kakanni da sunan bori da girka. Abin da ya canza kawai shi ne, a da a bayan gari ake yin sa da garaya da buta, yanzu kuwa ya yi wanka ya sa kwat, har ana kawo masa hujja daga jami'o'i.

Yadda abin ya faro

A shekarar 1938 wani masanin harhaɗa magunguna mai suna Albert Hofmann ya haɗa sinadarin L.S.D. a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, a 1943 kuma ya gano yadda yake juya hankali bayan ya gwada a kan kansa. A 1955 wani ma'aikacin banki daga birnin Niyok, Gordon Wasson, ya je wani ƙauye mai suna Huautla a ƙasar Meziko, ya roƙi wata bokanya, Maria Sabina, ta shigar da shi taron dare da suke ci wa wani irin naman kaza mai sa gane-gane. Da ya buga labarin a mujallar Life a 1957, sai samarin Turawa suka yi ta kwarara ƙauyen neman ganin gaibu. 'Yan sanda suka matsa wa matar, mutanen garinta suka juya mata baya, aka ƙone gidanta, ta mutu cikin talauci a 1985. Wannan shi ne ladan farko da harkar ta biya mai masaukinta.

A 1962 aka yi wani gwaji a wata majami'a ta Jami'ar Boston ranar bikin Kiristoci na Juma'ar Ista. Aka tara ɗaliban ilmin addinin Kirista 20, aka ba rabinsu sinadarin naman kazan nan da ake kira silosibin, domin a ga ko ƙwaya za ta haifar da abin da masu ibada ke ji. Mafi yawan waɗanda suka sha sun ce sun ji abin da ba su taɓa ji ba, aka kuma yi ta yayata haka shekara da shekaru. Sai a 1991 wani mai bincike ya bayyana cewa ɗaya daga cikinsu ya fita hayyacinsa, ya fice waje da gudu yana ganin an aiko shi da saƙo ga duniya, sai da aka kamo shi aka yi masa allurar kwantar da hankali, kuma ba a ambaci wannan a rahoton da aka buga ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa waɗannan sinadarai cikin jerin haramtattu a yarjejeniyar 1971, aka yi shiru na wani lokaci. A 2006 Jami'ar Johns Hopkins ta sake buɗe ƙofar da wani bincike a kan mutum 36, wanda kusan kashi biyu bisa uku nasu suka ce abin da suka ji yana cikin abubuwa biyar mafi ma'ana a rayuwarsu. Daga nan guguwar ta tashi. Jihar Oregon ta Amurka ta kaɗa ƙuri'ar halatta shan silosibin a gaban jagora mai lasisi a 2020, cibiyoyin suka fara aiki a 2023, inda zama ɗaya kan ci dala dubu ko fiye. Jihar Kolorado ta bi sahu a 2022. Ostareliya kuma ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa izinin rubuta irin waɗannan magunguna daga watan Yuli na 2023.

A gefe guda kuma ga kasuwar daji. A garin Iquitos na Peru da kewayensa akwai masaukai da ke karɓar baƙi domin shan wani jiƙo mai ɗaci da ake kira ayawaska, wanda ake dafawa daga wata kurangar daji da wani ganye. Kafin ranar sha ana hana mutum gishiri da wasu nau'o'in nama da kusantar iyali. In dare ya yi sai a zauna a da'ira cikin duhu, boka ya miƙa wa kowa ƙoƙonsa, ya riƙa waƙar kiran iskokin daji yana kaɗa damin ganye yana busa wa mutane hayaƙin taba. Mai sha yakan yi ta amai, wani har da zawo, sai a ce masa dattin zuciyarsa ne ke fita. A Gabon kuma masu addinin gargajiya na Bwiti suna ba mai shiga cikinsu ɓawon saiwar iboga ya ci, ya kwana ya wuni a kwance yana ganin abin da suke cewa kakanninsa ne.

Mun san wannan ƙwarya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ko maƙwabtanta, in ya ji wannan bayani zai tuna da girka. Mutum na fama da wata cuta da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ko mace ta kasa haihuwa, ko ta rasa zaman lafiya a ɗakinta, sai a ce iskoki ne ke son ta. A kai ta gidan mai girka, a killace ta kwanaki, a ɗora tukunyar saiwoyi da sassaƙe tana sha tana wanka, ana turara ta, ana yanka dabba mai launin da aka ce iskan yana so. Masu garaya da buta ko masu goge su yi ta kiɗan kowane iska da takensa, har ta faɗi ta fita hayyacinta, a ce Ɗan Galadima ne ya hau, ko Sarkin Rafi, ko Inna. Daga ranar ta zama godiyar bori, namiji kuma doki, kuma bashin yanka da hidima ya hau kanta har ƙarshen rayuwarta. Sai a gwada wannan da na Peru: killacewa, ƙauracewa wasu abinci, jiƙo, hayaƙi, waƙar kiran iska, gushewar hankali, jagoran da shi kaɗai ke fassara abin da aka gani, sa'an nan kuɗi. Ina bambancin, in ban da tikitin jirgi?

Haka nan mun san tsiron da ke sa gane-gane, domin yana fitowa a jujin bayan gidajenmu. Shi ne zaƙami, wanda Bahaushe ya yi wa laƙabi da haukata-yaro. Wanda ya sha shi idonsa kan buɗe, maƙogwaronsa ya bushe, jikinsa ya yi zafi, zuciyarsa ta riƙa bugawa da sauri, ya yi ta hira da mutanen da ba su nan, yana tsintar abin da babu shi a ƙasa. Yana iya kwana biyu ko uku a haka, in ya farfaɗo ba ya tuna kome, wani kuwa ba ya farfaɗowa. Ƙarfin dafinsa ya bambanta daga tsiro zuwa tsiro, saboda haka babu gwanin da zai iya auna shi da ido. Ɓata-garin samari sun sha zuba shi cikin zoɓo ko kunu a gidajen biki, a kwashi mutane zuwa asibiti. To, wasu bokayen Kudancin Amurka suna ƙara wani ɗan'uwan zaƙami a cikin jiƙonsu domin baƙo ya ga abin da ya biya kuɗi ya gani. A 2014 wani saurayi ɗan Ingila mai shekara 19 ya mutu a Kolombiya bayan irin wannan taro, aka yar da gawarsa a bakin hanya, kuma binciken da aka yi a ƙasarsu a 2018 ya danganta mutuwarsa da jiƙon da kuma irin sinadarin da ke cikin zaƙami.

Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yi masa rahama, ya tarar da wannan cakuɗe a ƙasar Hausa, ya kuma yi bayaninsa a cikin Nurul Albab, inda ya ambaci masu furta shahada amma suna girmama itatuwa da duwatsu da yanka da sadaka, suna neman sanin gaibu ta hanyar duba. Sai dai darasin da ya fi dacewa da zamaninmu yana cikin aikin 'yarsa Nana Asma'u. Ta lura cewa matan karkara da na gidajen da yaƙi ya ɗaiɗaita suna komawa bori ne domin a can kaɗai ake sauraren kukansu. Sai ta kafa 'yan taru, ta naɗa wa kowace tawaga jaji, dattijuwa mai hankali, ta ba ta malfa irin wadda Innar Gobir, shugabar masu bori, take sawa. Matan su taho wurinta su ɗauki karatu, su koma ƙauyukansu su karantar, su yi jinyar marasa lafiya, su wanke gawa, su sasanta ma'aurata. Da makaranta da jinƙai ta ci bori da yaƙi a inda wa'azi kaɗai bai isa ba.

Shubuhohi huɗu da amsarsu

Wannan ba shi ne karon farko da aka kawo wa Musulmi maye da sunan ibada ba. Malamin tarihin Masar, Maƙrizi, wanda ya rasu a 845 bayan Hijira, ya kawo labarin da ake bayarwa cewa wani mai zuhudu a Khurasan, Shaihu Haidar, shi ya gano wiwi ya ba almajiransa, har aka riƙa kiran ta ciyawar faƙirai, wasu kuma suka riya cewa tana tara himma wajen zikiri. Malamai ba su ƙyale ba. Shaihul Islami Ibnu Taimiyya ya yi fatawa a kanta, Imamu Zarkashi ya wallafa littafi sukutum mai suna Zahrul Arish a kan haramcinta. Shubuhohin da ake kawowa yau su ne na wancan lokaci.

Ta farko, suna cewa wannan ba giya ba ce, tsiro ne da Allah Ya halitta. Inabi da dawa ma Allah Ya halicce su, amma da aka mai da su giya da burkutu hukuncinsu ya canza. Sayyidina Umar (R.A.) ya bayyana a kan mumbari cewa abin lura a giya shi ne rufe hankali, kuma Muslim ya ruwaito daga Ibnu Umar hadisin da ya game duk mai sa maye cikin hukuncin giya. Imamu Ƙarafi, babban malamin mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya rasu a 684, ya kasa masu taɓa hankali kashi uku a cikin littafinsa Al-Furuƙ: mai sa maye tare da nishaɗi, da mai ɓata hankali ba tare da gusar da ji da gani ba, da mai kwantar da mutum gaba ɗaya. Ya sa wiwi a kashi na biyu, Ibnu Taimiyya kuwa ya sa ta a na farko. Saɓaninsu a kan haddi ne da najasa. Babu ɗayansu da ya halatta wa Musulmi ya sha gwargwadon da zai gusar masa da hankali da gangan, alhali wannan gushewar ita ce ainihin abin da ake nema a taron da muke magana a kai. Kiyaye hankali yana cikin larurori biyar da Imamu Gazali da Imamu Shaɗibi suka nuna cewa shari'a ta zo domin tsare su.

Ta biyu, suna cewa magani ne. A nan wajibi ne a yi adalci. Fuƙaha'u sun halatta gusar da hankalin majinyaci domin a yi masa aiki, kuma kullum ana yin haka a asibitocinmu ba wanda ya ce an yi saɓo. In wata rana likitoci amintattu suka tabbatar cewa wani sinadari, da awo sananne, yana warkar da wata cuta sananniya wadda ba ta da wani magani, to sai malamai da likitoci su zauna su duba shi da ma'aunin larura. Amma har yanzu masu binciken kansu ba su gama yarda da juna ba. A watan Agusta na 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da sinadarin M.D.M.A. a matsayin maganin firgicin da ke biyo bayan bala'i. Daga cikin abin da aka soki binciken da shi, kusan duk wanda aka ba ƙwayar ya gane ita aka ba shi, saboda haka ba a iya rarrabe aikin magani da aikin tsammani. An kuma sami wata majinyaciya a Kanada da masu kula da ita suka keta mata haddi a ɗaya daga gwaje-gwajen farko, har wata mujallar ilmi ta janye maƙaloli uku. Ita kuwa iboga an san tana rikita bugun zuciya, kuma an yi asarar rayuka ta dalilinta. In haka ta faru a ƙarƙashin idon hukuma da na'urar ɗaukar hoto, me ake zato a bukkar boka cikin dare, inda mace ke kwance ba ta san inda kanta yake ba? Sa'an nan kuma asibiti daban, taron kiran iskoki daban. Likita ba ya waƙar kiran aljani, ba ya cewa allurarsa za ta sada ka da Ubangiji. Da zarar an ce abu hanyar kusantar Allah ne, ya shiga babin ibada, ita kuwa ibada ba a yin ta sai da abin da Manzo (S.A.W.) ya zo da shi.

Ta uku, suna cewa mun gani da idonmu, mun ji a jikinmu. Ba mu ƙaryata cewa sun ga wani abu ba. Mai zazzaɓi ma yana gani, mai zaƙami ma yana gani. Abin tambaya shi ne daga ina abin ya zo, kuma da me za a auna shi? Masu harkar da kansu sun yarda cewa abin da mutum zai gani ya danganta da abin da ya shigo da shi a zuciya da irin wurin da aka zaunar da shi. Shi ya sa mutumin Gabon ke ganin kakanninsa, na Amazon ya ga macizai da damisa, ɗalibin majami'a ya ga abin da aka karantar da shi, wanda bai yarda da Allah ba ya fito yana cewa shi da duniya abu guda ne. Ƙoƙo ɗaya ya ba da amsoshi huɗu masu karo da juna, ta yaya zai zama shaida a kan gaskiya? Allah (S.W.T.) Ya hana kusantar salla cikin maye a aya ta 43 ta Suratun Nisa'i, Ya kuma faɗi dalili, wato sai mutum ya san abin da yake faɗa. Ibadar da ta fi kowace kusanta bawa ga Ubangijinsa an shardanta mata farkakken hankali. A aya ta 6 ta Suratul Jinni kuma an ba mu labarin mutanen da suke neman tsari da aljannu, abin bai ƙare su da kome ba sai ƙarin wahala. Ibnu Taimiyya ya kawo labarin Shaihu Abdulƙadir Jilani, cewa wani haske mai girma ya bayyana gare shi, wata murya ta ce ita ce Ubangijinsa, ta kuma halatta masa abin da aka haramta wa wasu. Shaihu ya kore ta ya ce shaiɗan ne, kuma abin da ya gane shi da shi shi ne ilmin cewa shari'ar Annabi ba ta sauka daga kan kowa. Waliyyin da hankalinsa ke tare da shi ya auna haske da shari'a ya tsira. Wanda ya miƙa hankalinsa a bakin ƙofa kafin ya shiga, da wane ma'auni zai auna?

Ta huɗu, suna cewa mun canza, mun bar mugun hali. Muna yi wa kowa fatan shiriya. Amma canjin hali ana gane shi ne a kasuwa wajen mudu, da gida wajen haƙuri da iyali, da asuba lokacin sanyi, shekara bayan shekara. Ko al'adar ƙasar nan ta san haka. Saurayin da ke golmo yakan yi shekaru yana noma a gonar surukansa kafin a ce ya isa riƙe mace, domin dattawan Lelna sun san ba a gane namiji a dare ɗaya. Musulunci kuwa ya shimfiɗa hanyar tsarkake zuciya a fili, ba kuɗin shiga, ba asiri: tuba da mayar da haƙƙin mutane, farillai a kan lokacinsu, sa'an nan nafiloli, kamar yadda ya zo a hadisin waliyyai da Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira, da karatun Alƙur'ani da tunani, da azumi, da tsayuwar dare, da i'itikafi a goman ƙarshe na Ramadan, da zama da mutanen kirki. Hanya ce mai tsawo, shi ya sa mai sayar da gajeriya ba ya rasa ciniki.

Raunin da ke gidanmu

Ya ku 'yan'uwa, kasuwar nan tana ci ne da masu rauni a zuciya. A Amurka manyan masu tallata ta tsofaffin sojoji ne da suka dawo daga Iraƙi da Afganistan ba su iya barci, suna tsallakawa Meziko neman sinadarin iboga, har jihar Texas ta ware dala miliyan 50 a 2025 domin bincike a kansa. To, ƙasar Zuru ƙasar sojoji ce, da wuya ka sami zuriyar da ba ta ba da ɗa ga aikin soja ba, kuma da yawansu sun ga abin da baki ba ya iya faɗa a Arewa maso Gabas. Waɗanda suka zauna gida ma ba su tsira ba. A watan Yuni na 2021 'yan sanda suka tabbatar da kisan mutum 88 a ƙauyukan Danko/Wasagu. A watan Maris na 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba aka kashe fiye da 60. A watan Nuwamba na 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga aka kashe mataimakin shugabanta aka sace ɗalibai 25. Bayan kowane adadi akwai gwauruwa da maraya da saurayin da ya ga an yanka mahaifinsa. Ga kuma ƙwaya ta yi katutu: binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi mu'amala da su a Nijeriya, kusan miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma.

Mai irin wannan ciwo zai nemi sauƙi ko ta halin ƙaƙa. In bai sami mai saurarensa a masallaci ko asibiti ba, zai same shi a gidan boka, ko wurin mai tiramol, ko wurin wanda zai zo gobe da sabon jiƙo da sunan Turanci. Akwai kuma masu cin wannan kasuwa da rigar addini, waɗanda suka mai da ruƙya sana'a, kowace cuta su ce aljani ne, su keɓe da matan mutane, su yi ta dukan majinyaci suna shaƙa masa hayaƙi har ya faɗi abin da suke so ya faɗa. Wannan girka ce da aka yi wa rawani. Ba mu manta ba da gidan da aka fasa a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, aka fito da mutum fiye da 300, da yawansu cikin mari, da sunan gyaran hali.

Kiranmu

Muna kira ga limamai da masu wa'azi su yi wa jama'a bayanin wannan fitina da ilmi, su kuma ware lokaci bayan salla domin sauraren masu damuwa cikin sirri da mutunci. Su koya wa mutane cewa ciwon ƙwaƙwalwa ciwo ne kamar hawan jini, ana yi masa addu'a ana kuma kai shi asibiti, kuma ruƙyar shari'a karatu ce da addu'o'in da suka tabbata, wadda mutum zai iya yi wa kansa da iyalinsa ba tare da ya biya kowa ba.

Muna kira ga malamai mata na makarantun Islamiyya su raya aikin 'yan taru, su shiga gidajen zawarawa da matsugunan 'yan gudun hijira kafin mai garaya ya riga su.

Muna kira ga gwamnatin Jihar Kebbi ta aiwatar da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta samar da isassun likitoci da ma'aikatan jinya na wannan fanni a masarautar Zuru, domin talakan Wasagu ko Dirin Daji ba shi da kuɗin motar zuwa asibitin Kware a Jihar Sakkwato. Hukumar N.D.L.E.A. da sarakuna da masu unguwanni su sa ido a kan masu sayar da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba a tashoshi da kasuwanni, iyaye kuma su tumɓuke zaƙamin da ke bayan gida.

Maganarmu ga Musulmi take. Maƙwabtanmu Kiristoci da masu bin gargajiya suna da haƙƙin maƙwabtaka a kanmu, kuma bala'in ƙwaya da na 'yan bindiga bai tambayi addinin kowa ba, saboda haka duk wani aikin ceton matasa da za a haɗa hannu a kansa muna maraba da shi.

Ku kuma samari, musamman ɗaliban manyan makarantu da ke karanta waɗannan labarai da Turanci, hankalinku amana ce da za a tambaye ku a kanta. Duk wanda ya ce sai kun ajiye shi a bakin ƙofa kafin ya nuna muku Allah, to ku riƙe abinku ku juya.

Allah Ya tsare mana imaninmu da hankalinmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda aka kashe bisa zalunci, Ya mayar da masu gudun hijira gidajensu cikin aminci, Ya zaunar da ƙasar Zuru da Nijeriya baki ɗaya lafiya.